Wanne Ake Fara Yi? Bayani Kan Ƙa'idar Jeranta Ayyukan Lissafi

Darasin lissafi yana daga cikin darussan da aka wajabta wa kowane ɗalibi tun daga firamare har zuwa ƙarshen sakandare. Duk mai neman gurbin karatun likitanci, injiniya ko wani fanni na kimiyya a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, sai ya gabatar da kiredit a wannan darasi daga jarrabawar WAEC ko ta NECO. Jihar Kano ta daɗe da fahimtar haka, shi ya sa tun a shekarar 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma a shekarar 2024 Gwamnatin Jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan harkar ilimi.

Akwai wata ƙa'ida guda wadda ake koyarwa tun a manyan azuzuwan firamare, amma ɗalibai da dama kan isa aji shida na sakandare ba su riƙe ta yadda ya kamata ba. Ita ce ƙa'idar da ke fayyace aikin da za a fara yi idan tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa suka haɗu a layi ɗaya. An shirya wannan bayani domin amfanin ɗalibai, malamai da iyaye, tare da misalai daga harkokin yau da kullum na mazauna Babban Giji, Gyaɗi-Gyaɗi da sauran mazaɓun Ƙaramar Hukumar Tarauni. Farashi da adadin kuɗin da za a gani a ciki duk na misali ne kawai.

Abin da ɗan kasuwa ya riga ya sani

A ƙaddara magidanci ya shiga Kasuwar Tarauni ya sayi kwano 3 na shinkafa a kan naira 3,000 kowanne, da kwano 2 na wake a kan naira 2,500 kowanne. Idan aka rubuta cinikin da alamomi zai kasance kamar haka:

3 × 3,000 + 2 × 2,500

Babu mai awon da zai yi kuskure a nan. Zai ce shinkafa 9,000, wake 5,000, jimla 14,000. Ya fara ninkawa, sannan ya tara. Amma wanda ya bi layin daga hagu zuwa dama bai kula ba, zai samu 9,000, ya ƙara 2 ya zama 9,002, ya ninka da 2,500, sai ya tashi da naira 22,505,000 a matsayin kuɗin cefanen kwana biyu. Dalilin fifita ninkawa a kan tarawa ke nan: ninkawa taƙaitacciyar tarawa ce, domin 3 × 3,000 daidai yake da 3,000 + 3,000 + 3,000, saboda haka dunƙule ɗaya ne da dole a san ƙimarsa kafin a haɗa shi da wani.

Haka abin yake ga ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa a kafaɗar wata lamba, kamar 2 da ke cikin 5². Ɗalibai sun fi saninta da sunan fawa, ko da yake babu abin da ya haɗa ta da sana'ar mahauta. A nan za mu kira ta lambar kafaɗa. Ma'anarta ita ce a ninka lamba da kanta: 5² shi ne 5 × 5, wato 25, kuma 2³ shi ne 2 × 2 × 2, wato 8. Tun da ita taƙaitacciyar ninkawa ce, sai ta hau gaban ninkawa kamar yadda ninkawa ta hau gaban tarawa.

Matakai huɗu ne

Ga yadda ƙa'idar take. Da farko a kammala duk abin da ke cikin baka biyu, idan kuma wata baka tana cikin wata, a fara da ta can ciki. Na biyu, a warware lambar kafaɗa da tushen murabba'i. Na uku, a yi ninkawa da rabawa, waɗanda matsayinsu ɗaya ne, don haka ana bin su daga hagu zuwa dama yadda suka zo. Na huɗu, a yi tarawa da ɗebewa, su ma matsayinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama.

Mu ɗauki wannan misali: 5 + 2 × (9 − 6)² ÷ 3 − 4. Cikin baka biyu, 9 − 6 ya ba da 3. Lambar kafaɗa ta mayar da 3 zuwa 9. Layin ya koma 5 + 2 × 9 ÷ 3 − 4. Daga hagu, 2 × 9 ya ba da 18, a raba gida 3 a samu 6. Saura 5 + 6 − 4, amsa ita ce 7.

Ga wani mai baka cikin baka: 100 − [2 × (3 + 2)² + 18 ÷ 3²]. Bakar ciki ta ba da 5, murabba'insa 25, shi kuma 3² ya ba da 9. Sai 2 × 25 ya zama 50, 18 ÷ 9 ya zama 2, jimlar babbar baka 52. A ɗebe daga 100, saura 48. Abin lura shi ne a cikin baka ma ƙa'idar nan ce ke aiki, ba a jingine ta.

A makarantun Nijeriya ana haddace wannan jeri da kalmar BODMAS, wadda aka harhaɗa daga harufan farko na wasu kalmomin Ingilishi guda shida: baka biyu, sai kalmar da ke nufin "na" ko lambar kafaɗa, sai rabawa, ninkawa, tarawa da ɗebewa. A Amurka kuwa PEMDAS suke cewa, inda harafin ninkawa ya riga na rabawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babu wanda ya fi wani tsakanin biyun, domin lissafin Kano da na Amurka amsa ɗaya suke bayarwa.

A ra'ayinmu, wannan kalma ta BODMAS tana da amfani, amma ita ce kuma tushen kuskuren da ya fi yawa. Harufanta shida ne, sai yaro ya ɗauka matakan ma shida ne. Idan aka ba shi 10 − 4 + 3, sai ya tuna cewa harafin tarawa ya riga na ɗebewa, ya tara 4 da 3 ya samu 7, ya ɗebe daga 10, ya rubuta 3. Amsar gaskiya 9 ce. Wanda yake da naira 10, ya kashe 4, aka ba shi 3, ai ya san 9 ce a aljihunsa. Yana da kyau malamai, duk lokacin da za su rubuta kalmar a allo, su jera ta hawa huɗu, rabawa da ninkawa a layi ɗaya, tarawa da ɗebewa a layi ɗaya.

Akwai kuma batun "na" da ake samu a littattafan firamare da ƙaramar sakandare, kamar a ce 24 ÷ ½ na 12. A tsarin waɗannan littattafai rabin 12 dunƙule ɗaya ne, a fara samo shi, wato 6, sannan a raba 24 da shi a samu 4. Da alamar ninkawa aka sa a wurin, 24 ÷ ½ × 12, da amsar ta zama 576.

Daga ina ƙa'idar ta fito

Malaman da suka gabata ba su buƙaci wannan ƙa'ida ba, saboda da kalmomi suke rubuta lissafi. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, jimloli ya yi amfani da su daga farko har ƙarshe. A wannan yanki namu ma an yi masana irin su Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu da Larabci a kan hatimin lambobi a shekarar 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Magana da kanta takan nuna jeri. Idan Bahaushe ya ce "tara biyu da uku, sannan ka ninka sau huɗu", kalmar "sannan" ta riga ta yi aikin baka biyu, babu mai ruɗewa.

Matsalar ta taso ne bayan da alamomi suka maye gurbin kalmomi a Turai. Alamomin + da − sun fara bayyana a bugaggen littafi a 1489 a hannun Johannes Widmann na Jamus. Robert Recorde ya kawo alamar = a 1557, William Oughtred na Ingila ya yi amfani da × a 1631, René Descartes na Faransa ya yaɗa rubuta lambar kafaɗa yadda muke yi yanzu a 1637, sai Johann Rahn na Siwizalan ya kawo ÷ a 1659. Alamomin sun taƙaita rubutu, amma sun zubar da "sannan" da "bayan haka" a hanya. Sannu a hankali masana suka saba da fifita ninkawa a kan tarawa, daga bisani kuma marubuta littattafan makaranta na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 suka tsara abin a matsayin doka. Ta hanyar irin waɗannan littattafai ƙa'idar ta iso Kano, inda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909.

Ke nan yarjejeniya ce tsakanin masu rubutu da masu karatu, kamar yadda aka amince kowane direba ya riƙe hannun dama a titi, kuma amfaninta yana ga kowa ya bi ta.

Fili, tanki da kusurwar gini

A unguwanni masu cunkoso irin su Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi, kowace ƙafa ta fili kuɗi ce. Fili mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi yana da murabba'in ƙafa 50², wato 2,500. Idan aka ce "ninki biyu", abu biyu ake iya nufi. Rubutun 2 × 50² yana ba da 5,000, wanda shi ne fuloti mai 50 da 100, domin lambar kafaɗa ta shafi 50 ne kaɗai. Rubutun (2 × 50)² kuwa yana ba da 10,000, fili mai 100 da 100, wanda ya ninka na farko sau huɗu. Bambancin da ke tsakanin rubutun biyu fuloti guda ne cur. Wannan lissafi ne kuma ke aiki wajen sayen tayil, siminti ko kafet: ɗakin da aka ninka tsawonsa da faɗinsa sau biyu, kayan daɓensa sau huɗu zai ci.

Tankin ruwa na ƙasa mai mita 2 ta kowane ɓangare yana ɗaukar 2³, wato mita 8 na ruwa a dunƙule, daidai da lita 8,000. Ɗalibin da ya karanta 2³ a matsayin 2 × 3 ya zubar da lita 2,000.

Magina kuma suna da tsohuwar dabarar fitar da kusurwa: a auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, idan tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwar ta miƙe. Hujjarta ita ce 3² + 4² = 9 + 16 = 25, wanda shi ne 5². Wanda ya fara tarawa zai samu (3 + 4)², wato 49, abin da ba shi da alaƙa da ginin. Wannan kuskure na ɗaukar (a + b)² daidai da a² + b² yana bin ɗalibai har cikin aljabra.

Misali daga rabon gado

Inda baka biyu ta fi nuna nauyinta shi ne wajen haƙƙin mutane. A shari'ar Musulunci ana fitar da bashin mamaci da wasiyyarsa kafin magada su ɗauki rabonsu, kuma matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. A ƙaddara dukiyar da aka bari naira 9,000,000 ce, bashi 1,000,000, babu wasiyya. Rubutun da ya dace shi ne (9,000,000 − 1,000,000) ÷ 8, wanda ya ba da 1,000,000. Idan aka manta da baka biyu aka rubuta 9,000,000 − 1,000,000 ÷ 8, ƙa'ida za ta raba bashin ne gida takwas, amsar ta zama 8,875,000.

Idan matan biyu ne, tumunin nan guda za su raba. Ana iya rubuta 8,000,000 ÷ 8 ÷ 2, a bi daga hagu, kowace ta samu 500,000. Ana kuma iya rubuta 8,000,000 ÷ (8 × 2), amsar ɗaya ce. Amma wanda ya rubuta 8,000,000 ÷ 8 × 2, ko ya fara raba 8 da 2, zai ba kowace mace 2,000,000, su biyu su kwashe rabin dukiyar marayu. Rabon gado aikin malamai ne da kotunan shari'a, kuma su da kalmomi da tsarin fiƙihu suke bi. An kawo misalin ne saboda yawan matasan da iyalai ke miƙa wa waya a ce su buga lissafin.

Na'urar lissafi iri biyu ce

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙaramar kalkuleta ta shago, mai manyan maɓallai, tana aiwatar da kowane aiki nan take da zarar an danna alama ta gaba. Idan aka buga mata 2 + 3 × 4 za ta ba da 20. Kalkuletar kimiyya da ɗaliban sakandare ke riƙewa, da akasarin wayoyin zamani, suna jira a gama layin sannan su bi ƙa'ida, su ba da 14. A misalin gadon da ya gabata, ta shago za ta ba da 1,000,000 ko babu baka biyu, ta waya kuwa ta ba da 8,875,000, alhali maɓallai iri ɗaya aka danna. Mai shago da ya ƙware yakan ninka kowane kaya daban ya adana da maɓallin M+, daga ƙarshe ya kira jimla, wanda shi ne bin ƙa'idar ta wata hanya. Kafin mutum ya dogara da kowace na'ura, ya gwada ta da 2 + 3 × 4 ya ga ko wace iri ce.

Ma'aikatan ofis masu amfani da manhajar Excel su ma akwai abin kiyayewa. A ƙa'idar lissafi −3² yana nufin a ninka 3 da kanta sannan a sa alamar ragi, wato −9, yayin da (−3)² ke ba da 9. Excel kuwa idan aka rubuta mata =-3^2 za ta ba da 9. Haka nan idan lambar kafaɗa ta hau kan wata, masana lissafi daga sama suke farawa, don haka 2 mai ɗauke da 3² shi ne 2⁹, wato 512; Excel tana bi daga hagu, =2^3^2 ya ba ta 64. Sanya baka biyu yana kawar da wannan saɓani gaba ɗaya.

Batun alamar ragi yana cin maki sosai a babbar sakandare. Wajen warware x² − 5x + 6 = 0 ana buƙatar ƙimar b² − 4ac, inda b yake −5. Daidai shi ne (−5)² − 4 × 1 × 6, wato 25 − 24, amsa 1, daga nan a samu x daidai da 2 ko 3. Ɗalibin da ya buga −5² babu baka zai samu −25 − 24, wato −49, sai na'ura ta ƙi ba shi tushen murabba'i, ya zaci tambayar ce ba daidai ba.

Layin da ke raba sama da ƙasa a lissafin ɓangare shi ma baka biyu ce a ɓoye. Malamin da ke fitar da matsakaicin maki 60, 70 da 80 yakan rubuta jimlarsu a sama, 3 a ƙasa. Idan zai mayar da shi layi ɗaya a kwamfuta, wajibi ne ya rubuta (60 + 70 + 80) ÷ 3 domin ya samu 70. In ba haka ba zai ga 156.67 a takardar sakamakon yaro. A fannin lafiya, ɗaliban da ke samun horo a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya suna koyon awon ƙiba, inda ake raba nauyi da murabba'in tsawo. Mai kilo 64 da tsawon mita 1.6, awonsa 64 ÷ 1.6², wato 64 ÷ 2.56, daidai da 25. Fara rabawa kafin lambar kafaɗa zai ba da 1,600.

Ga mai tsara kasafi kuma, idan kayan naira 50,000 suna ƙara tsada da kashi 10 cikin 100 duk shekara, bayan shekara uku farashinsu 50,000 × (1 + 0.1)³ ne, wato 50,000 × 1.331, daidai da 66,550. Wanda ya tara kashi 30 kai tsaye zai tsaya a 65,000, kasafinsa ya gaza da 1,550.

Inda masana suka saɓa

A shekarar 2019 an yi ta muhawara a duniya a kan 8 ÷ 2(2 + 2). Wasu suka ce 16, domin bayan baka ta ba da 4, sai a bi daga hagu: 8 ÷ 2 × 4. Wasu suka ce 1, domin a wurinsu lambar da ke manne da baka dunƙule ɗaya ce da ita, kamar yadda ake ɗaukar 2x a aljabra. Na'urorin kimiyya ma sun rabu gida biyu a kan irin wannan rubutu, gwargwadon kamfani da samfuri. Tun a 1928 masanin tarihin lissafi Florian Cajori ya nuna cewa ba a gama daidaitawa ba a kan layin da ya haɗa rabawa da ninkawa.

Abin da muke gani shi ne laifin na mai rubutun ne. Idan 16 yake nufi, ya rubuta (8 ÷ 2) × (2 + 2). Idan 1 yake nufi, ya rubuta 8 ÷ [2 × (2 + 2)]. Bai kamata malami ya sanya irin wannan tambaya a jarrabawar aji ba, sai dai ya kawo ta a matsayin darasi a kan illar rubutu mai harshen damo.

Ana shawartar ɗalibai da su riƙa warware aiki ɗaya a kowane layi, suna sake kwafe ragowar lissafin a ƙasa, domin a ɓangaren rubutu na jarrabawar WAEC da NECO ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ko da an yi tuntuɓe a amsar ƙarshe. Iyaye kuma, ko da ba su yi nisa a boko ba, suna iya gwada yaro da tambayoyi uku: 10 − 4 + 3, sai 2 + 3 × 4, sai 2 × 5². Amsoshin su ne 9, 14 da 50. Yaron da ya ce 3, 20 ko 100, sai a sanar da malamin lissafinsa domin a maimaita masa darasin kafin zangon karatu ya ƙare.